Ɓarawon da Ba Ya Ƙara Ko Kwabo

Bari in ɗaura maka wata tambaya, mai karatu, kafin mu shiga. Gida ne mai ƙofa ɗaya, ba taga, ba ɓarakar katanga. Mutanen cikinsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamarsu ɗaya, rigarsu ɗaya. An kulle su a ciki, mai gadi na zaune a zaure. Da aka buɗe suka fito, sai ga baƙo a tsakiyarsu, alhali ba wanda ya ga shigarsa. Ta ina ya bi?

Ba tatsuniya nake yi maka ba. Abin ya faru a 1962, a kamfanin Hughes da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Gidan na'urar leza ce, mutanen gidan kuwa haske ne.

A lokacin leza jaririya ce. Ranar 16 ga Mayu 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a duniya, a ɗakin binciken wannan kamfani da ke Malibu. Kayan haɗinta ba su da yawa: guntun jan yaƙutu na haɗi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an shafe kawunansa biyu da azurfa sun zama madubai, sai fitila mai walƙiya da ta nannaɗe shi kamar maciji. Fitila ta yi wal, yaƙutu ya sha hasken, ya amayar da wani ja wur, siriri, miƙaƙƙe. Abin da ya ɗauke hankalin masana shi ne tsarkin wannan ja. Hasken rana gauraye yake, bakan gizo ya ishe mu shaida. Na leza kuwa launi ɗaya ne tak. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman mita kaza a gajeren zango ya riga ya san rabin zancen, don haske ma zango gare shi, kowane launi da tsawon nasa. Na yaƙutu nanomita 694.3 ne, wato in ka raba mita ɗaya gida biliyan, ka ɗebi kusan ɗari bakwai. Tasha ɗaya ce, ba ta kaucewa.

Ba a jima ba aka fara kwaɗayin ƙarfi. Robert Hellwarth da F. J. McClung, su ma ma'aikatan Hughes, suka zo da dabara: a datse hasken yadda ake datse kogi, a bar yaƙutu ya cika ya batse, sannan a buɗe masa gaba ɗaya. Ƙyauren ƙarfe ba zai yi saurin da ake bukata ba, sai suka yi amfani da na ruwa, wato ƙaramin akwatin gilashi cike da wani ruwa mai maiƙo, rawaya-rawaya, mai suna naitirobenzin, wanda a da akan zuba a man goge takalmi. In an ɗora masa wutar lantarki mai ƙarfi hanya ta toshe, in an ɗauke ta buɗe. Hasken da ke fitowa bugu ɗaya ne, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, amma ƙarfinsa ya ninka na da ninkin ba ninkin.

Irin wannan leza E. J. Woodbury da W. K. Ng suke aunawa. Suka bi da hasken ta na'urar da ke tsefe shi launi-launi, suna tsammanin layi ɗaya a kan 694. Suka same shi. Suka kuma sami wani a gefensa, wajen nanomita 766, can bayan ja inda ido ya fara gazawa. Kuma ba ɗan ɗigon da za a kawar da kai a wuce ba ne. Yana da ƙarfi. Yana tafe a miƙe, kafaɗa da kafaɗa da 'yan gida. Baƙo ya fito.

To, mu jera waɗanda ake zargi. Da ni aka ba wa binciken, wadda zan fara kamawa ita ce na'urar tsefe hasken kanta, kuma duk mai hankali haka zai yi. Waɗannan na'urori suna da wani hali da masu aiki da su suka sani: in akwai ɗan aibu a jikinsu, layi mai ƙarfi yakan jefa inuwarsa a gurbin da ba nasa ba. Masu sana'ar har fatalwa suke kiran irin wannan layi. Sai dai fatalwa tana da sauƙin kamu, tunda hasken 694 ne kawai ya ɓata hanya. Ka sa gilashin tacewa da ke tare 694 ya bar mai dogon zango ya wuce, uban gida zai ɓace, fatalwarsa ta bi shi. Hasken 766 ba ya ɓacewa da wannan gwaji. Nasa zangon daban ne da gaske. Mu saki na'ura ta tafi.

Ta biyu fitila ce. Hujjar da ke kanta ba ƙarama ba ce, don walƙiyarta tana ɗauke da kowane launi, har da waɗanda ke bayan ja. Me zai hana wani ɓangare ya sulale ya bi 'yan gida waje? Amma ka duba tafiyar baƙon. Hasken fitila watsuwa yake ta ko'ina, kuma yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana ci. Baƙo kuwa a tsuke yake fitowa, a cikin ɗan ƙiftawar nan ta bugun leza. Ga kuma wani abin da ya fi wannan ɗaure kai: in ƙarfin leza bai kai wani mizani ba, babu shi sam. Da an haye mizanin, sai ga shi tsulum. Fitila ba ta san wani mizani ba. Ita ma ba ita ba ce.

Na uku shi ne wanda biri ya fi kama da mutum a kansa: yaƙutu. Jan yaƙutu ba komai ba ne illa farin dutse mai ɗaukar ido da aka barbaɗa wa ƙarfen kuromiyam ɗan kaɗan, kuma kuromiyam ɗin ne ke fitar da hasken. Shekara ɗaya kafin nan, a 1961, Arthur Schawlow da G. E. Devlin na ɗakin binciken Bell sun nuna cewa yaƙutun da kuromiyam ya yi wa yawa yana iya fitar da hasken leza a wajen 701 da 704, saboda zarrar kuromiyam da ta zauna kusa da 'yar'uwarta takan sauya murya. Ke nan dutsen yana da muryoyin da yake ɓoyewa. Su kansu Woodbury da Ng, taken gajeren rahoton da suka buga yana magana ne a kan lezar yaƙutu da ke aiki a bayan ja. In kai ma nan hankalinka ya kwanta, ba ka yi laifi ba.

Amma an riga an san matakan kuromiyam a cikin yaƙutu, an auna su, an rubuta. Babu tazarar da ta dace da 766. Kuma lezar yaƙutu da aka yi wa wani irin ƙyaure na daban, kamar madubi mai juyawa, ba ta haifar da wannan baƙo komai ƙarfinta.

Na'ura ta kuɓuta. Fitila ta kuɓuta. Dutse ya kuɓuta. Madubai ba su san komai ba sai mayar da abin da aka ba su. Saura wa?

Koma ka karanta tambayar farko. Akwai wanda na ambata, ka wuce shi.

Mai gadi.

Ruwan nan na cikin akwatin gilashi, wanda aka ɗauka don buɗewa da rufewa kawai, shi ne zaune a kan hanyar da kowane haske zai bi, yana kai yana komowa tsakanin madubai. Gisela Eckhardt, masaniyar kimiyyar fiziks da ta taso daga Jamus ta kama aiki a Hughes, ita da Woodbury ake jingina wa gano bakin zaren. Kuma da lissafin ɗebewa aka kama shi, irin wanda ɗan firamare zai iya.

Ga yadda yake. Masu wannan sana'a suna da wata hanyar ƙirga haske: zango nawa ne zai jeru a cikin santimita ɗaya? Amfanin wannan lamba shi ne tana tafiya daidai da ƙarfin kowace ƙwayar haske, don haske a ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ana kiran kowace foton. Lamba babba, ƙwaya mai nauyi. Jan yaƙutu yana da 14,403. Baƙo yana da wajen 13,058. Ɗebe wannan daga wancan, saura 1,345.

Wannan lamba ba baƙuwa ba ce. Ta daɗe a rubuce a littattafan masu haɗa sinadarai, a gaban sunan naitirobenzin. A jikin kowane ƙullin zarra na wannan ruwa akwai naitirojin ɗaya riƙe da oksijin biyu, kamar mutum ya buɗe hannuwa. Hannuwan nan suna miƙewa suna tsukewa tare, kuma kuɗin tayar da wannan kaɗawa 1,345 ne.

Ashe ba wanda ya shigo. Baƙon ɗan gida ne da aka yi wa sane a zaure. Ya shiga da 14,403 a aljihu, mai gadi ya zare 1,345, ya fito da launin da danginsa ba su san shi da shi ba.

Zargi ba hujja ba ne, don haka aka gwada. Aka riƙa saka wasu ruwaye a kan hanyar hasken, irin su benzin da toluwin da firidin. Kowanne ya fito da nasa baƙon, a nasa gurbin. Benzin 992 yake cira, daidai da kaɗawar zoben kabon shida da ke jikinsa. Kafin 1962 ta ƙare Eckhardt da Hellwarth da McClung da Woodbury da wasu abokan aikinsu biyu sun buga sakamakon. A ciki akwai wani abu da nake so ka tsaya a kai, domin shi ne sawun da za mu bi har ƙarshe. Wani lokaci baƙo na biyu yakan bayyana a bayan na farko. In ka auna abin da ya rasa, sai ka ga ninki biyu ne cif. Ga benzin, 992 sau biyu. Ba a samun ɗaya da rabi. Ba a samun ɗaya da ɗan ƙari.

Wane irin ɓarawo ne wannan? Ɓarawon kasuwa abin da hannunsa ya kai yake ɗauka, yau da yawa gobe kaɗan. Wannan kuwa ya fi kama da mai fito a bakin kogi, wanda kuɗinsa yankakke ne. Ko ka biya cif, ko ka wuce bai taɓa ka ba. Ba ya ragi, ba ya ba da canji.

Da aka buɗe tsofaffin takardu, sai aka ga an taɓa kama shi shekara 34 kafin nan, a garuruwa biyu, cikin mako guda. A Kalkata ta Indiya, C. V. Raman da K. S. Krishnan suna haska ruwaye iri-iri, suka ga hasken da ya warwatsu ta gefe yana ɗauke da launin da ba a zuba ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1928 Raman ya ga layin a fili, kuma har yau Indiya na bikin ranar a matsayin ranar kimiyya ta ƙasa. A Mosko kuwa, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam sun ga irinsa tun ranar 21 ga watan, da hasken fitilar zaiba, a cikin dutsen kwatz. Nasu rahoton ya makara wajen fitowa. Raman ya karɓi kyautar Nobel a 1930 shi kaɗai, sunansa kuma ya bi abin har yau. A ganina an tauye mutanen Mosko, musamman da yake su ne suka ga abin a cikin dutse, inda asirin ya fi zurfi.

Me ya sa to mutanen Hughes ba su gane shi nan take ba? Saboda wanda aka sani a 1928 ɗan tsurut ne. Cikin miliyoyin ƙwayoyin haske, ɗaya ce take biya, sai a kwashe sa'o'i ana tara haske a kan farantin hoto kafin layi ya fito dishi-dishi. Wa zai ga ƙaton da ke tafe a miƙe ya ce wancan ne? Abin da ya sauya shi ne yawan haske. In ƙwayoyin da suka riga suka biya sun taru a wuri, suna jawo na bayansu su biya, kuma su fito da zango ɗaya, fuska ɗaya. Tsohon launi da sabo in sun haɗu suna yin wani bugu a tsakaninsu, bugun kuma ya zo daidai da kaɗawar ƙullin zarra. Sai abin ya zama lugude: taɓarya ɗaya ta sauka, ta biyu ta amsa, turmi ya ɗauki amo, kowa ya shiga sahu. Madubai kuma suna ta mayar da hasken ya sake bi ta zaure. Wannan shi ne mizanin da muka gani ɗazu. Ƙasa da shi, ɗaiɗaiku ne ke biya. Sama da shi, gari ya ɗauka. Ba da niyya ba, Woodbury da Ng sun gina sabuwar leza a cikin tsohuwa.

Kana iya cewa shari'a ta ƙare. Da saura.

A 1963 Eckhardt da abokan aikinta biyu suka ajiye ruwa, suka ɗauko duwatsu: kalsait, farar wuta, da daimon. Duka suka ba da baƙi. Na daimon 1,332 yake cira. A nan ne bayanin da muka yi ya fara tangaɗi. A cikin naitirobenzin mun nuna mai laifi da yatsa, ga ƙullin zarra, ga hannuwansa. A cikin daimon babu ƙulli. Kabon ne zalla, kowace zarra riƙe da maƙwabta huɗu, kowace maƙwabciya riƙe da wasu, haka har bakin dutse. Ba inda za ka yanka ka ce nan wani ya ƙare, wani ya fara. Ba zarrar da za ta motsa ita kaɗai.

Amma an cire 1,332. Cif. Kullum. A daimon ɗin da aka haƙo daga ƙasa, da wanda aka ƙera a masana'anta.

Wa ya karɓa?

Dutsen ne gaba ɗayansa.

Ka tsaya a bakin gonar gero da yamma, lokacin da iska ta taso. Za ka ga wani abu ya taho daga wancan gefe, yana ratsa gona, ya iso gabanka. Ka gan shi da idonka, kana iya cewa ga inda yake, ga inda ya nufa, ga saurinsa. Amma ba karan da ya bar gurbinsa. Kowanne ya sunkuya ne ya miƙe, ya miƙa wa na kusa. Haka cikin dutse yake. Muna ganinsa shiru, alhali zarrarsa ba ta taɓa tsayawa ba, kuma da yake a ɗaure suke da juna, rawarsu ta gayya ce. Wata rawar maƙwabta kan karkata wuri ɗaya tare, ita ce ke kai amo in ka ƙwanƙwasa ƙarfe ka kara kunne a ɗaya gefen. Wata kuwa maƙwabta gaba da gaba suke yi, wannan ta matso, waccan ta matso, su ja da baya tare. Ita ce mai tsananin sauri. A daimon takan kai ta komo sau wajen tiriliyan 40 a daƙiƙa ɗaya. In ka juya wannan sauri zuwa ƙirgar zango a santimita, 1,332 za ka samu.

Saura tambayar da ta fi duka: me ya sa cif? Domin wannan rawa ba gangara ba ce da za ka tsaya inda ka ga dama. Tsani ce. Kana iya hawa taki ɗaya, ko biyu, ko goma, amma babu wurin ajiye ƙafa a tsakanin taki da taki. In haske zai ƙara wa dutse rawa, dole ya biya kuɗin taki guda cikakke. Wannan taki guda shi ne wanda muke nema tun farko. Igor Tamm, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Mandelstam a Mosko, shi ya rubuta lissafinsa a 1930 yana ƙoƙarin bayyana yadda haske ke warwatsuwa a cikin kiristal, ya ɗauke shi tamkar ƙwaya mai zaman kanta. A 1932 Yakov Frenkel ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin murya: fonon.

Ina son wannan halitta ƙwarai, don ba ta da jiki amma tana da hali. Ba za ka iya ciro fonon daga dutse ka ɗora a tafin hannu ba, yadda ba za ka ɗauke wancan abu mai ratsa gona ka bar gero ba. Duk da haka yana da ƙarfi ƙayyadadde, yana da alƙibla, yana karo da ɗan'uwansa ya kauce, ana haihuwarsa, yana mutuwa. Abin da hannunka ke ji ya kira zafi in ka taɓa dutsen da ya sha rana, cincirindon fonon ne. Daimon ya fi jan ƙarfe saurin kai zafi wajen sau biyar, alhali ba ya kai wutar lantarki, saboda fonon ke ɗaukar kayan kuma hanyarsu a share take. Da wannan hali ne ƙaramar na'urar masu sayar da duwatsu masu daraja take bambance shi da gilashi.

Daimon ma ya taɓa tona asirin tun kafin a san ana nema. A 1819 Dulong da Petit na Faransa suka lura cewa yawancin abubuwa masu tauri zafi kusan ɗaya suke sha, in an ƙirga da yawan zarra. Daimon ya ƙi bin layi, wajen rubu'in abin da ake tsammani kawai yake sha. Heinrich Weber ya auna wannan da kyau a shekarun 1870, ya ga sai an gasa dutsen sosai yake matsowa kusa da sauran. Aka rasa dalili, har ɗalibin Weber na Zurik, Albert Einstein, ya ɗauki awon malaminsa a 1907 ya ce rawar zarra tsani ce. Zafin ɗaki, in an ƙirga da kuɗinmu na ɗazu, wajen 200 ne. Manyan takun daimon sun haura 1,000. Mai 200 ba ya sayen abin 1,000, kuma mun riga mun san ba a ragi. Peter Debye ya gyara lissafin a 1912. Sawu ɗaya ne, tun daga tukunyar awon zafi har zuwa ɗakin leza.

Yanzu mu koma gidan yaƙutu, don akwai abin da na wuce da kai da sauri a farko. Na ce yaƙutu ya sha hasken fitila ya amayar da ja. Wane haske ya sha? Kore da shuɗi mai duhu, shi ya sa ma idonmu ke ganin dutsen ja. Koren yana da wajen 18,000. Jan da ke fitowa 14,403. Ina sauran ya tafi?

Ka riga ka san amsa. Zarrar kuromiyam ta haɗiye kore ta haye sama, nan take ta zubar da rarar a matsayin fonon, ta sauko kan wani taki inda take iya jira har kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. A duniyar zarra wannan dogon zama ne. A kan wannan taki suke taruwa har su fi na ƙasa yawa, kuma sai sun fi yawa leza take tashi. Ba don wannan sata mai sauri ba, da lezar Maiman ba ta kama ba. Wanda muka kwana muna farauta a zaure, ashe da shi aka aza harsashin gidan.

Tun daga nan masu ƙera leza suka koyi ciniki da shi. A Jami'ar Macquarie da ke Sidni ta Ostireliya, Richard Mildren da mutanensa suna zuba koren haske mai nanomita 532 a cikin daimon na haɗi, su karɓi rawaya mai 573, launin da ke da wuyar samu ta hanyar da aka saba. Amma cinikin da ya fi burge ni yana kwance a ƙarƙashin teku. Wayoyin gilashin da ke ɗauke da intanet, irin waɗanda suka sauka a gaɓar Legas, haskensu yakan raunana da nisa, don haka duk bayan 'yan gomman kilomita akwai wurin ƙara masa ƙarfi: guntun zaren gilashi da aka sa wa ƙarfen erbiyam. Ana ciyar da erbiyam da haske mai nanomita 980, saƙo kuwa a wajen 1,550 yake tafiya. Tazarar da zarra za ta sauko daga takin sama, inda hasken 980 ya kai ta, zuwa takin aiki, inda take jiran saƙo, wajen 3,600 ce. Mafi girman fonon a gilashi wajen 1,100 ne, don haka uku ko huɗu sun isa, abin yana faruwa da sauri. Daga takin aiki zuwa ƙasa kuwa wajen 6,500 ne, sai an haifi fonon shida a lokaci guda, abin da ke da wuya ƙwarai. Sai zarra ta zauna da ƙarfinta tana jira, har hasken saƙo ya zo ya karɓa. Ɓarawon yana iya tsallake ƙaramar katanga, babbar ta fi ƙarfinsa, kuma a tsakanin katangun nan biyu ne muryar wani ɗan Kano take isa Landan ba ta dushe ba.

Akwai takarda ɗaya da ta rage a cikin fayil. Tun 1928 an lura cewa baƙi ba gefe ɗaya suke fitowa ba. A ɗaya gefen babban layi akan ga wani mai rauni, wanda ya fito da fiye da abin da ya shiga da shi, kuma ƙarin daidai yake da abin da ake cirewa. In an ɗumama dutsen, wannan layi ƙara haske yake. Wato wani lokaci haske ne ke tarar da fonon a hanya ya haɗiye shi ya fice.

In haske na iya ficewa da fonon, fonon kuma shi ne zafi, me zai faru in aka shirya abin ya zama kullum haka? Peter Pringsheim ya kawo wannan shawara a 1929, aka yi ta musu ko ta saɓa wa dokokin zafi, har Lev Landau ya nuna a 1946 cewa ba ta saɓa ba. Aiwatarwa ce ta ci shekaru, don ɗan datti kaɗan a cikin dutse ya isa ya mayar da komai ɗumi. Sai a 1995 Richard Epstein da abokan aikinsa a Los Alamos suka samu gilashi mai tsafta da aka sa wa itabiyam. Suka haska shi da leza mai ƙwayar da ta gaza kuɗin taki da ɗan kaɗan. Zarra ta ciko gibin daga rawar gilashin, ta haye, ta saki haske mai nauyi fiye da wanda ta karɓa. Gilashin ya yi sanyi da kashi uku cikin goma na digiri ɗaya.

Ɗan kaɗan ne, amma ƙofa ta buɗe. A 2016 masu bincike a Jami'ar New Mexico suka sa ɗan kiristal mai itabiyam a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ba fanka, ba ƙanƙara, ba abin da ke motsi. Suka sakar masa hasken leza mai ƙarfi, irin wanda zai ƙona fata. Kiristal ɗin ya riƙa ƙyalli yana sanyi, kowace ƙwayar haske na fita da ɗan abin da ta zara daga rawar dutse, har ma'auni ya tsaya a digiri 182 ƙasa da sifili.